Mabuɗin da Na Ɗaure a Bakin Zanina

Ina gaida edita da duk mai karanta wannan shafi. Ni tsohuwa ce a Kafanchan. An haife ni a wani ƙauye ta wajen Fadan Kagoma, aure ya kawo ni gari tun lokacin da jirgin ƙasa ke cika tasha da mutane. Ban taɓa zama a aji ba, ko sunana ban iya rubutawa. Jikata ce ke riƙe da biro, ina faɗa tana sawa a takarda, kuma na ja mata kunne kada ta rage mini abin kunyar da ke ciki. Lokacin da abin da zan ba ku labarinsa ya faru, shekara biyu ke nan, ni mace ce mai ji da kanta. Na yi shekaru ina sarin citta, na aurar da 'ya'ya, na riƙe shugabancin zumuntar mata a majami'armu har na gaji na sauka don kaina. Amma abin da na fi taƙama da shi bakina ne. In na buɗe labarin dodo, ko na matar nan da ke wanka a rafi ba ta da inuwa, sai ka ga manyan maza masu gemu suna matsawa kusa da juna. Ina jin daɗin hakan, ba zan ɓoye muku ba. Ina son in ga idon mutum ya fito saboda maganata.

Wajen kakata na koyi ba da labari, ita kuma dokokinta biyu ne, da su na tashi. Ta farko, in an fara labarin tsoro babu mai tashi sai an kai ƙarshe, domin wanda ya tashi a tsakiya ya tafi da dodon gida da ransa, bai ga inda aka kashe shi ba. Ta biyu, in an gama, mai labarin zai kira kowa da sunansa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya amsa da ƙarfi, don kada kurwar wani ta maƙale a cikin labarin. Na zama Kirista, na bar abubuwa da yawa na gidanmu, amma waɗannan biyun ban bar su ba. Ko yaro ya ce fitsari yake ji, sai in ce ya matse, saura kaɗan.

Ina da ƙawa, Musulma ce, iyayenta da kakanninta duk 'yan kasuwar garin nan ne. Ba zan faɗi sunanta ba, Hajiya nake kiranta, ita kuma Rediyo take ce mini, wai ni ba a kashe ni sai dai batir ya ƙare. Mun fi shekara arba'in rumfarta tana jikin tawa. Ita ta riƙe mini ɗana na fari ranar da na je haihuwar na biyu, ni na yi mata zaman makoki da mijinta ya rasu. Naman Sallarta yana shiga tukunyata, shinkafar Kirsimetina tana shiga gidanta. A ɗaya daga cikin rikice-rikicen da garinmu ya sha, tashin hankali ya rutsa da ita a unguwarmu. Na ja ta na tura cikin sitona na citta, na jera buhuna a kanta, na ce ko tari kada ta yi, na sa kwaɗo na ɗaure mabuɗin a bakin zanina. Kwana biyu ta yi a ciki. Samari suka zo da sanduna suna tambaya ko na ga wani, na tsaya a bakin ƙofa na zage su tas, na kira sunan uwar kowannensu, suka juya. Wannan labarin ya zama mafi daɗi a cikin labaraina. Na ba da shi a taron zumunta, na ba da shi a gidan biki, na ba da shi ga baƙin da ke zuwa maganar zaman lafiya. In Hajiya tana wurin sai in nuna ta da yatsa in ce ga ta nan, ku tambaye ta in ƙarya nake. Ita kuma sai ta yi murmushi ta ce haka ne, Rediyo ta yi ƙoƙari.

To jikata, wannan da ke rubutun, ta yi karatun harkar fim a Jos. Ta dawo da wata shawara, wai za su yi bikin nuna finafinan ban tsoro na kwana uku a garin nan, ita da abokan karatunta, a nuna waɗanda matasan yankinmu suka yi da wayoyinsu da kuma wasu na waje da aka sa musu Hausa. Ta ce a rana ta uku za a nuna nata, wanda ta gina a kan labarina na matar rafi. Ni dai ina jin an ce labarina zai hau farin ƙyalle, sai na ɗauke bikin gaba ɗaya na aza a kaina. Shawara ta zo nema, ta tashi da shugaba. Ni na je na samo ɗakin taron unguwa. Ni na raba wa matan zumunta aiki, wasu zoɓo, wasu gyaɗa, wasu shara. Da Baba Fasto ya kira ni ya ce yana jin tsoro kada mu gayyato aljanu cikin gari, na ce masa Baba, aljanun da ke garin nan ai ba su jira takardar gayyata ba, kuma a duk finafinan da yarinyar nan ta zaɓa mugu ne ke shan kashi a ƙarshe, wa'azinka ne kawai aka sa wa hoto. Ya yi dariya ya ce in dai za a buɗe da addu'a shi ma zai leƙo.

Mun yanke cewa da rana za a yi, daga ƙarfe biyu zuwa biyar, saboda mutanen da za su zo daga Zonkwa da Godogodo su koma gida da ido. Sai matsalar haske ta taso. Ɗakin tagogi ne da shi manya manya, majigin kuma ba ya nuna komai in rana tana shigowa. Jikata tana maganar sayen baƙin yadi, na ce mata wane yadi kuma ina da tsofaffin buhunan citta cike da sito. Muka kwaso su, aka ninka biyu biyu aka buga a kowace taga. Ɗakin ya yi baƙi ƙirin, ko tafin hannunka ba ka gani, ga ƙamshin citta ya cika ko'ina har yana shiga maƙogwaro. Na tsaya a tsakiya na ce madalla, haka ake son wurin labari.

Sati uku ina bin Hajiya ta zo. Ta ce ita ba ta son duhu, na ce ke da kika haifi takwas. Ta ce ta tsufa da kallon majigi, na ce na girme ki da wata bakwai kuma ni ce shugabar taron. Ta ce Rediyo ki bar ni, zan aiko da jikokina da dabino. Na ce mata in ba ta zo ba mutane za su ce bikin na 'yan coci ne kaɗai, ni kuma na riga na gaya wa kowa cewa kujera biyu ce a gaba, tawa da tata. Na san inda zan taɓa ta, na kuwa taɓa. Ta ce to, za ta zo a rana ta biyu bayan ta yi azahar, amma in sa ta kusa da ƙofa. Na ce babbar baƙuwa ba ta zama a bakin ƙofa kamar mai jiran sadaka.

Ranar farko abin ya yi kyau fiye da yadda muka zata. Ɗaki ya cika, 'yan acaɓa sun ajiye babura, malaman makaranta sun zo da matansu, ga 'yan kasuwa da hulunansu. An nuna wani ɗan gajeren fim na wasu yara daga Zonkwa, inda gawa ta tashi a bayan mota, wata mata ta zumunta ta yi ihu ta kira Yesu ta rungume wani Alhaji mai sayar da taya, shi kuma yana ta salati bai ma san an rungume shi ba. Aka yi dariya har da hawaye. Da aka gama na tashi na yi kiran suna. Mutane sun yi yawa, sai na riƙa kira gari gari, mutanen Godogodo kuna nan, su ce muna nan, mutanen Zonkwa kuna nan, su ce muna nan Mama. Abu ɗaya ne ya ɓata mini rai. Duk lokacin da fim ya kai wurin tsoro sai wasu su ruga waje, in sun huce su dawo, ƙofa tana ta buɗewa haske yana wanke hoton. A wajena wannan raini ne ga labari, kuma karya dokar kakata ne a gaban idona.

Washegari ban gaya wa kowa ba, na zo da kwaɗon sitona. Hajiya ta iso da farin mayafinta, na tare ta da guɗa na kai ta gaba na zaunar. Kafin mu shiga na lura ta tsaya a bakin ƙofa ta ja numfashi, ta dubi tagogin, ta tambaye ni buhunan mene ne waɗannan. Na ce na citta ne mana, ba ki ji ƙamshi ba, dabarata ce. Na ja hannunta muka wuce. Da aka kashe fitila na lallaɓa na rufe ƙofa ta ciki, na danna kwaɗo, na ɗaure mabuɗin a bakin zanina, na dawo na zauna ina jin kaina kamar wadda ta gyara duniya. Fim ɗin ranar na wasu mutane ne a cikin gida, wani abu yana zagaya gidan yana buga musu ƙofa, yana kiran su da muryar 'yan'uwansu. Ba a yi nisa ba na ji hannun Hajiya a cinyata, sanyi ƙalau. Ta raɗa mini cewa za ta fita. Na ce ƙofa a kulle take, mabuɗi yana wajena. Ta ce Rediyo don girman Allah ki ba ni. A nan ne na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Dariya na yi. Na ce mata Hajiya matsoraciya, zauna, saura kaɗan a kashe abin, wanda ya tashi a tsakiya da dodo yake kwana. Na ture hannunta na mai da ido kan ƙyalle. Da na waiwaya can na ga kujerarta babu kowa, sai na ɗauka ta koma baya wajen jikokinta, har ina shirya irin tsiyar da zan yi mata a kasuwa.

Fim ya ƙare, aka kunna fitila, mutane suna tafi. Na miƙe na gyara ɗaurin kallabi na ce yau da babbar baƙuwa zan fara. Na kira Hajiya. Shiru. Na sake kira da ƙarfi, ina dariya. Shiru. A na uku ne wata yarinya ta yi ƙara daga baya. Muka same ta a ƙasa a bayan ƙofa, ta dunƙule kamar ƙullin kaya, ta cusa bakin mayafinta cikin baki ta cije, jikinta yana rawa, idonta a buɗe amma ba mu take gani ba. Ba ta buga ƙofar ba, ba ta yi ihu ba, ko tari ba ta yi ba. Fiye da awa guda tana wurin, ɗaki cike da mutane, babu wanda ya ji motsinta. Na kama kwance mabuɗi, ƙullin da na yi da kaina ya gagare ni, sai da jikata ta sa haƙori ta yage bakin zanin. Aka fitar da ita ta sha iska, wata nas da ke cikin 'yan kallo ta yi ta shafa mata ruwa tana mata magana a hankali har ta saki mayafin. 'Yarta ta zo da keke mai ƙafa uku ta ɗauke ta. Na kama ƙarfen keken zan shiga, 'yar ta ce Mama ki bari, ki koma wajen baƙinki. Da ladabi ta faɗa, amma ban taɓa jin mari irin wannan ba.

Jikata ba ta taɓa ɗaga mini murya ba sai ranar. Ta ce Kaka, ga janareta a jikin bango, ga buhuna a tagogi, da wuta ta tashi fa, da mutum nawa za mu binne. Baba Fasto ma ya zo gida ya yi mini nasa faɗan a hankali. Na amsa laifin kwaɗo, wannan kam ba shi da musu. Rana ta uku aka ɓamɓare buhunan, aka rataya barguna, aka bar ƙofa a buɗe da labule. Aka nuna fim ɗin jikata, mutane suka yaba, har aka sa na tsaya aka yi mini tafi. Ranar da na yi wata biyu ina jira ke nan, amma ba zan iya gaya muku abin da na gani a ƙyallen ba. Kujerar da ke gefena kawai nake kallo.

Sati ɗaya, sati biyu, rumfar Hajiya 'yarta ce ke buɗewa. In na tambaya sai ta ce da sauƙi, tana hutawa. Na aika da gwaten acca, aka dawo da kwanon a wanke, ba saƙo. Nan fa girman kaina ya motsa. Na fara cewa a gida, to me na yi da zafi haka, wasa ne ya zo da tsautsayi, matar da na tsaya a gaban sanduna saboda ita ce za ta share ni saboda majigi. Ina faɗa ina ƙarawa, don bakina ya saba gyara labari ya koma ni ce mai gaskiya. Wata rana ina cikin wannan mita sai jikata ta ajiye abin da take yi ta ce Kaka, tun ina goye nake jin labarin siton nan, na san abin da kika ce wa samarin, na san kalar zanin da kika ɗaura, to Hajiya fa, me ta yi a ciki kwana biyun nan. Na lalubi abin da na sani. Na san na miƙa mata ruwa da ɗumame ta ƙasan ƙofa, na san na buɗe a rana ta uku ta fito. Abin da ke tsakani ban sani ba, domin ban taɓa tambaya ba. Shekaru fiye da yadda zan ƙirga ina ba da labarin mutum biyu, ashe rabinsa kawai nake da shi.

Da safe na ɗaura zani na tafi gidanta. 'Yarta ta ce tana barci. Na ce ba komai, na jawo kujera 'yar tsugunne na zauna a tsakar gida. Na zauna har la'asar na tafi. Washegari na dawo. Na taya su tsince shinkafa, ban ce uffan ba, yaran gidan har suna leƙena don ba su taɓa ganina shiru ba. A rana ta uku ne na ji muryarta daga ɗaki tana tambaya wai wace ce wannan ta zauna mata a gida kamar an kawo amarya, in Rediyo ce to lallai ta lalace, a kai ta wajen mai gyara. Na shiga. Ta rame. Na durƙusa da gwiwoyin nan nawa masu ciwo na ce Hajiya na zo ne ki ba ni labarin sito, naki, ba nawa ba. Ta ce in tashi in zauna kafin in faɗi a ce ita ta kashe ni.

Ta ce tunda na rufe ƙofar ƙurar citta ta shige mata maƙoshi, tari yana taso mata kamar zai fasa ƙirjinta, ni kuma na ce ko tari kada ta yi, shi ya sa ta cusa mayafi a baki, kwana biyu tana cije da shi har haƙorinta ɗaya ya yi girgiɗi. Ta ce ba ta san inda 'ya'yanta suke ba, duk ihun da ta ji daga nesa sai ta ji muryar ɗayansu ce. Ta ce ta ji lokacin da samarin suka zo, ta gane muryar biyu daga ciki, yaran da take ba alewa ne in sun biyo uwarsu kasuwa, kuma har yau tana sayar wa matansu atamfa. Ta ce abin da ya fi tsorata ta ba su ba ne, mabuɗin ne. Tana tunanin in suka kashe ni a bakin ƙofa, ko suka kore ni, babu wanda ya san tana ciki, haka za ta bushe a cikin buhuna. Ta ce ta yi salla a zaune ba alwala, ba ta san gabas ba, ta ɓata jikinta don babu inda za ta zaga, kuma da na buɗe ƙofa na ga hakan na yi kamar ban gani ba, wannan kam ta gode mini har gobe. Sannan ta tambaye ni ko na taɓa ganin ta sha kununa. Na yi tunani. Kullum in na ba ta sai ta ce ta ƙoshi, ko ta ce za ta kai wa yara. Ta ce tun daga ranar citta ba ta sake shiga bakinta ba, kuma shekarun nan duka da ta yi a jikin rumfata, in an sauke mini kaya sai ta ƙirƙiri aike ta bar wurin. Ba ta kwana da ƙofa a rufe. Mijinta ya sani, 'ya'yanta sun sani, ni kaɗai ce ban sani ba, ni da nake cewa na fi kowa saninta.

Na ce to don me ba ta taɓa gaya mini ba. Ta ce ta ina, Rediyo, ke kina da wurin da ake sa magana ne. Ta ce kuma yaya za ta ce wa wadda ta ceci ranta ta daina ba da labarin. Duk ranar da na nuna ta da yatsa a taro, murmushi take yi ta koma gida ta kasa cin abinci. Ta ce a labarin naki ke zakanya ce, ni kuma buhu ce a cikin buhuna. Ba da faɗa ta faɗi wannan ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar maigidana, ita ce ma ta koma tana bubbuga mini baya tana cewa in yi a hankali kada maƙwabta su ɗauka ta mutu su fara shimfiɗa tabarmi. Na roƙe ta gafara a kan kwaɗon ɗakin taro, da dariyar da na yi, da duk shekarun da na yi ina cin abinci da tsoronta. Ta ce na farkon ta yafe tun a keke, don ta san wautata ce ba mugunta ba. Dariyar ce ta tsaya mata a rai, ita ma yau ta sauka. Na ukun kuwa da sharaɗi, kada in sake ba da labarin sito ko a gaban wa, in ana son ji a zo wajenta, in ta ga dama ta faɗa. Na ce na yarda. Wannan ma da kuke karantawa sai da aka karanta mata daga farko har ƙarshe, ta sa aka cire abu biyu, ta ce sauran a bari ko wani zai amfana.

Bara jikata ta sake yin bikin, ya ma fi na farko cika. Ni ban shugabanci komai ba, gyaɗa aka ba ni in raba. Ƙofa a buɗe, kuma kafin kowane fim sai a faɗa wa mutane abin da ke ciki, wuta ce ko jini ko kulle mutum a ɗaki, wanda ba zai iya ba ya fita shan iska babu mai masa dariya. Hajiya ta zo. Ba ta shiga ba, ta sa aka ajiye mata kujera a inuwar mangwaro a waje, ni ma na fito da tawa. Muna jin ihun mutane daga ciki tana cewa ji 'yan banza, sun biya kuɗin mota sun zo neman abin da wasu ke roƙon Allah ya raba su da shi. Muka yi ta dariya. Na koma sayar da citta a can ƙarshen layi, nesa da rumfarta, kullum da rana ni nake takowa in zo hira, bayan na wanke hannu na canza mayafi.

Abin da na koya a tsufana shi ne tsoro iri biyu ne. Akwai wanda mutum ke saye da ransa don ya yi ihu ya yi dariya ya koma gida, wannan ba laifi, ni ma sana'ata ce. Akwai kuma wanda aka ɗora wa mutum bai nema ba, yana ɗauke da shi a ƙarƙashin mayafi yana gaisawa da kai lafiya lau. A yankinmu masu irin wannan suna da yawa, a coci da masallaci, kuma ba a rubuce yake a goshinsu ba. Dokar kakata an yi ta ne don yaran da ba su ga komai ba tukuna, ni na ɗauke ta na ɗora wa matar da ta ga abin da ya fi dodo. Don haka ina roƙon masu shirya irin wannan taro, ku bar ƙofa a buɗe, wanda ya ce zai fita ku matsa masa ya wuce, kada ku tambaye shi dalili. Ku kuma masu baki irin nawa, da duk wanda ya taɓa yi wa wani alheri yana ba da labarinsa, ku je ku zauna a gaban mutumin ku yi shiru, ku tambaye shi yadda abin ya kasance ta ɓangarensa. Ni sai da na kusa rasa ƙawata kafin na yi wannan tambayar, alhali kullum tana zaune taku uku daga inda nake.